Yashin Kuza na Riruwai da Aikin Masu Awon Radiyeshin

Duk wanda ya tashi daga Burumburum ya nufi kudu, ya ratsa dajin Falgore, zai tarar da tsaunukan Riruwai, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Doguwa. An daɗe ana haƙar kuza a nan, tun zamanin Turawa. Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, irin dutsen da ke ɗauke da kuza a Riruwai, kamar takwaransa na Jos, yana ɗauke kuma da wasu ma'adinai masu ƙunshe da yuraniyom da toriyom. Waɗannan biyun kuwa kullum cikin rugujewa suke a hankali, suna fitar da wasu haskoki da ido ba ya gani, hanci ba ya shaƙar warinsu, fata ba ta jin zafinsu. Su ne masana ke kira radiyeshin.

Kada mai karatu ya firgita. Babu inda ɗan Adam zai zauna a doron ƙasa ba tare da waɗannan haskoki sun taɓa shi ba, domin suna fitowa daga ƙasa da sararin sama, har ma daga abincin da muke ci. Ana auna abin da jiki ya karɓa da ma'aunin milisibat, kuma a matsakaicin lissafi kowane mutum a duniya yana karɓar kimanin 2.4 a shekara. Matsala tana farawa ne idan hannun mutum ya tattara abin da yake a warwatse. Yayin da mahaƙa suka wanke kuza, ma'adinai masu nauyi sukan taru tare da ita, daga baya a ware su a zubar. Wannan yashin da aka zubar yakan fi ƙasar da aka haƙo shi ƙarfin radiyeshin nesa ba kusa ba. Ga shi da laushi, ga shi a ɓagas, don haka mai gini yakan yi sha'awar kwasarsa ya buga bulo ko ya yi shafe.

Me haskokin ke yi wa jiki? A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani zare mai ɗauke da umurnin yadda za ta rayu ta hayayyafa. Radiyeshin na iya tsinka zaren nan. Galibi ƙwayar takan ɗinke ɓarakar, ko kuma ta mutu wata ta maye gurbinta. Amma wani lokaci ɗinkin yakan zo da kuskure, ƙwayar ta ci gaba da hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, bayan shekaru goma ko ashirin abin ya bayyana a matsayin sankara. Wannan jinkiri shi ne ya sa mutane ba sa danganta cutar da sanadinta. Mafi haɗari shi ne abin da ya shiga ciki: ƙurar da mahaƙi ke shaƙa, da wata iska mai suna radon da ke fitowa daga rugujewar yuraniyom ta taru a rami ko a ɗakin da ba taga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya radon cikin manyan musabbaban sankarar huhu, bayan taba sigari.

Tun da gaɓɓanmu ba sa gane haɗarin, dole sai da awo, awon kuwa aikin hukuma ne. Nijeriya ta farga da haka ne bayan Faransa ta gwada bam ɗin nukiliya a hamadar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu, 1960, aka ji tsoron iskar hunturu ta kwaso mana ƙurarsa. A 1964 aka kafa sashen lura da radiyeshin a Jami'ar Ibadan. Dokar da ake aiki da ita yanzu an yi ta ne a 1995, hukumar da dokar ta tanada kuma, wato NNRA, ta fara aiki a 2001. Ita ke ba da lasisi ga asibitoci masu na'urar hoton ƙashi da kamfanonin mai, ita ke tura sufetoci.

Sufeto yakan zo da na'urar hannu, ya riƙe ta kimanin mita ɗaya daga ƙasa, ya karanta ƙarfin haskokin a bakin rami, da kan tulin yashi, da cikin ɗakuna. Sannan ya ɗebi ƙasa da ruwan rijiya da hatsi ya kai ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A ganina ruwa ya cancanci kulawa ta musamman a yankin nan, domin abin da ke gangarowa daga tsaunukan kudancin jihar shi ke ciyar da Kogin Kano har ya taru a madatsar Tiga, inda masunta da manoman rani suke dogaro da shi. Awo sau ɗaya kuma ba ya isa, sai an maimaita damina da rani.

Ƙa'idar duniya ita ce, kada aikin ɗan Adam ya ƙara wa mutumin gari fiye da milisibat 1 a shekara. Ma'aikacin da sana'arsa ke nan kuwa, 20. Ga lissafin da malami zai iya bai wa 'yan aji. A ƙaddara bangon wani ɗaki yana ƙara milisibat 0.0002 a kowace awa. Magidancin da ke kwana awa 8 a ciki zai karɓi kimanin 0.58 a shekara, bai kai iyaka ba. Amma uwargida da jaririnta da ke yin awa 18 a ɗakin za su karɓi kimanin 1.3, wato sun zarce iyakar, alhali ɗakin ɗaya ne. Shi ya sa sufeto nagari, bayan ya gama karanta na'urarsa, yakan tambayi maigida su wa ke wuni a ɗakin, da kuma inda aka ɗebo yashin da aka yi shafe da shi.