Yadda ake tunkarar kumburin furostet kafin fitsari ya tsaya

Dattijon da ke tashi sau huɗu cikin dare ya ɗauki buta, ko wanda alwala ta daina zama masa saboda ɗigon fitsari, da wuya ya faɗa wa kowa. A Kankia da Kusada sai a ce sanyi ne, a sayo ƙullin magani wurin masu lasifika ranar kasuwa. Sau da yawa kuwa furostet ce ta kumbura: wata tsoka mai girman goro a ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda ta zagaye hanyar fitsari kamar zobe. Tsufa da sinadaran mazakuta ke sa ta girma har ta matse hanyar, gado da ƙiba da ciwon suga kuma suna ƙara mata ƙarfi. Kimanin rabin maza masu shekara 51 zuwa 60 suna da wannan kumburi. Sarki Charles na Ingila ma an yi masa aikinta a Janairun 2024, kuma fadarsa ce ta sanar wa duniya.

Da farko, baba, ka yi kwana uku kana lura. Sau nawa ka tashi da dare? Sai ka yi yunƙuri fitsarin ke fita? Yana zuwa siriri, yana yankewa? Ka gama amma kana jin saura? Amsoshin nan su ne guzurinka zuwa wurin likita.

Na biyu, ka nufi Babban Asibitin Kankia, ko da ɗanka ne zai raka ka. Za a gwada fitsari, a ɗebi jini don gwajin PSA, wataƙila a yi hoton ciki. Sai kuma abin da ke korar dattawa: likita zai sa safar hannu ya taɓa furostet ɗin da yatsa ta dubura. Abin bai kai minti guda ba, kuma da shi da gwajin jinin ake fara rarrabe kumburin tsufa da cutar kansa, domin alamominsu kan yi kama. Kunyar minti guda ta fi sauƙi a kan daren da za a ɗauko mutum a mota yana murƙususu.

Na uku, gyaran gida. Rage ruwa sa'a biyu kafin barci, amma ka sha isasshe da rana. Shayin dare da kofi da goro suna tsokanar mafitsara. In ka gama fitsari, dakata kaɗan ka sake gwadawa. Hattara da maganin mura na kemis, irin su Piriton, musamman da hunturu. Suna iya tsayar da fitsarin mai wannan lalura ɗungurungum.

Na huɗu, magani, kuma likita ne ke rubutawa. Tamsulosin yana sassauta matsin cikin 'yan kwanaki, sai dai yana kawo jiri, don haka kada ka miƙe zumbur daga shimfiɗa in an kira assalatu. In za a cire maka yanar ido, gaya wa likitan idon kana shan sa. Finasteride shi ke rage girman tsokar, amma yakan ɗauki wata 6 kafin a ga aikinsa, kuma nan ne mutane ke gajiya su watsar. Mace mai juna biyu kada ta taɓa ƙwayarsa in ta fashe.

In fitsari ya tsaya cak, mara ta kumbura, ko aka ga jini, ko zazzaɓi ya haɗu da zafin fitsari, ba a jiran gari ya waye. A asibiti za a sa roba a zuƙe fitsarin, sauƙi ya zo nan take. Jinkiri kuwa ƙoda yake lalatawa. Wanda magani ya gaza masa, ana tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano a Kano. Can likitocin mafitsara za su kankare tsokar ta hanyar fitsari ba tare da yanka ba, ko su buɗe mara in ta yi girma sosai. Kafin ka sa hannu, tambayi likita batun haihuwa, domin bayan aikin maniyyi kan koma cikin mafitsara maimakon ya fito.