Noman Dankalin Turawa: Tun a Gona Ake Zaɓen Iri

Ya kai manomi, ka sani dankalin turawa ɗan sanyi ne. Asalinsa daga duwatsun ƙasar Peru yake, shi ya sa a ƙasarmu bai sami mazauni kamar tudun Jos ba, wajen Bokkos da Mangu da Barkin Ladi. Can ana shuka shi a watan Afrilu ko Mayu, a haƙe bayan kamar wata 3. Masu fadama kuwa sukan sake yi da hunturu ta ban ruwa.

Aikin garma da fartanya ba baƙonka ba ne. Ja kunya mai tudu inda ruwa ba ya kwanciya, zuba takin da ya ruɓe sarai, bar taku ɗaya tsakanin rami da rami. In ya tasa, tara masa ƙasa a gindi, don duk dankalin da rana ta gani yakan yi kore, koren nan kuwa dafi ne, ba a ci.

To, ga inda yawancinmu ke faɗuwa. Sai a kai manya kasuwa, a tattara tsirarun da suka rage a ce su ne iri. Alhali sau da yawa ciwo ne ya tsumburar da su, ka ga an adana cuta ke nan har baɗi. Abin da mutum ya shuka ai shi zai girba. Dabarar ita ce ka zaga gona lokacin da ganye ke shar, ka kafa kara a gindin kowace shuka mai ƙoshi, wadda ba ta yanƙwane ba, ganyenta bai murɗe ba. Su za ka fara haƙa daban, ka ware masu girman ƙwan kaza, ka shimfiɗa su a ɗaki mai iska da ɗan haske har su fid da tsiro gajere kakkaura. A buhu cikin duhu, tsiron dogo yake yi fari, da taɓawa sai ya karye.

Kada ka maimaita dankali a gona guda, kada kuma ka bi shi da tumatir ko barkono ko yalo. Dangi ne, cutarsu ɗaya. Sa masara ko wake tsakani.

In damina ta yi nisa ka ga baƙin tabo a ganye, da farar furfura a bayansa, cutar nan ce da ta jawo wa mutanen Ailan yunwa a 1845. Kada ka jira gobe, maza ka nemi malamin gona.