Daga Jos Zuwa Kano Ta Sama: Kilomita Nawa Ne?

Idan muka tambayi direba a tasha nisan Jos da Kano, zai ce wajen kilomita 300, in an bi ta Saminaka da dajin Falgore da Tudun Wada. Gaskiyarsa ke nan, amma gaskiyar hanyar mota ce. Jirgin sama ba ya kewaye dutse, ba ya neman gada. A nan ne ɗalibanmu da yawa sukan yi asarar maki a jarrabawar labarin ƙasa, domin an tambaye su nisan sama, su kuwa sun rubuta na ƙasa.

To, bari mu auna da kanmu. Jos tana kan digiri 9 da minti 55 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Kano kuwa tana kan digiri 12. Kowane digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa wajen kilomita 111 ne. Bambancin biranen digiri 2 ne da minti 5, watau kilomita 231. Amma Kano ba ta arewa sak da Jos, ta ɗan karkata yamma da wajen kilomita 40. Idan muka yi aiki da ƙa'idar Pythagoras, wadda 'yan aji uku suka sani, za mu sami wajen kilomita 234. Wanda lissafi ya buwaye shi ya ɗauki rula da taswira mai ma'aunin santimita 1 ga kilomita 10, zai ga santimita 23 da 'yar ɗoriya.

Sai dai matuƙin jirgi ba zai karɓi wannan amsa ba. Jirgi ba ya tashi daga kasuwar Terminus ya sauka a Kurmi. Filin jirgin Jos, mai sunan Yakubu Gowon, yana Heipang, kudu da gari, filin Malam Aminu Kano kuma yana ɗan arewa da tsohon birni. Daga fili zuwa fili nisan ya kai wajen kilomita 270. Wannan ƙarin ba abin wasa ba ne ga wanda zai auna mai. Kuma matuƙa suna ƙidaya da mil na teku ne, kowane ɗaya mita 1,852, saboda haka a takardarsu za mu ga wajen mil 146. Wanda ya ɗauki wannan adadi a matsayin kilomita ya yanke kusan rabin tafiyar.

Jirgin da yake gudun kilomita 500 a awa zai ci nisan nan cikin minti 32, ban da lokacin tashi da sauka. Tsaunin Jos ya haura mita 1,200, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Iskar tudu ba ta da kauri, don haka jirgi yakan bukaci doguwar hanyar gudu kafin ya ɗaga a Heipang. Da hunturu kuma hazo yakan rufe Kano har a jinkirta sauka. Jiragen sojan Ingila da suka fara sauka a Kano a 1925 da taswira da idanu suke neman hanya, irin taswirar da ke rataye a ajinmu.

Aikin hutu ga 'yan aji biyar: ku nemo digirin Kaduna da na Bauci a littafin taswira, ku fitar da nisan kowanne daga Jos, da kilomita da mil na teku.