Yadda Shuka Ke Wanke Ruwan Kifi

Duk mai kiwon tarwaɗa a Haɗeja ko Kirikasamma ya san wahalar ruwa. Bayan kwana biyu ko uku ruwan tanki ya yi duhu, ya soma wari, kifi ya rage cin abinci. Dole a zubar, a tayar da inji, a cika da sabo. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 wannan aiki ya ƙara tsada ƙwarai. Abin mamaki kuwa, mutumin nan da ya zubar da ruwan, shi ne zai tafi kasuwa ya sayi yuriya domin lambunsa, alhali irin abin da ke cikin buhun ne ya malalar a kwata.

Ga yadda abin yake. Ƙarfin abincin kifi yana cikin wani sinadari da ake kira naitirojin, watau shi ne dai wanda ke sa ganyen masara ya yi shar. Kifi ba ya riƙe fiye da kashi ɗaya cikin uku nasa a jiki. Saura ya koma cikin ruwa, yawanci ta jan naman nan na ƙarƙashin kunnensa inda yake numfashi. Sunan abin da ke fita amoniya, ita ce mai warin nan da ke tashi a turken awaki. Dafi ce ga kifi, kuma dafinta ya fi ƙarfi da bazara sa'ad da ruwa ya yi zafi. To, akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, suna zaune jikin tsakuwa da bangon tanki. Su ke juya amoniya har ta zama wani gishiri mai suna naitiret. Shi naitiret ba ya kisa nan da nan, amma kadan ya taru sai kifi ya tsumbure. Shuka kuwa abincinta ke nan.

A lissafta a gani. Buhun abincin tarwaɗa mai kilo 15 yana ɗauke da naitirojin wajen kilo ɗaya. Abin da ke komawa ruwa daga ciki ya kusa daidai da na yuriya kilo ɗaya da rabi. Wanda ya ciyar da buhu 40 kafin ya sayar da kifi, ya zubar da fiye da buhun taki guda ke nan.

Masu ajiye ƙananan kifaye cikin akwatin gilashi don ado, a Ingila da Amurka da sauran ƙasashe, sun daɗe da gano wata dabara. Sukan yanko reshen furen ɗaki mai yaɗo, su wanke shi sarai, su rataya shi a bakin akwatin: saiwa cikin ruwa, ganye a waje. Dalilin barin ganye a waje shi ne, a sarari shuka ta fi samun iskar da take gina jikinta da ita, saboda haka ta fi ciyawar ƙarƙashin ruwa saurin girma. Gwargwadon girmanta, gwargwadon naitiret ɗin da ta zuƙe. Manomi ba ya bukatar furen Turawa, don waɗansu irinsa ma suna da ƙaiƙayi mai tsanani a bakin yaro ko akuya. Yaɗon dankalin Hausa ya isa. In an tsoma shi cikin ruwa, kafin mako guda ya fid da farar saiwa. Haka ma na'ana'a.

Amma a nan ne mutane ke ruɗuwa. Akwatin gilashi kifi goma ne ƙanana, abincinsu bai cika cokali ba. Tankin tarwaɗa dubu wani abu ne dabam. A Jami'ar Tsibiran Bajin, can kusa da Amurka, wani malami mai suna James Rakocy da abokan aikinsa sun yi shekaru da yawa tun daga wajen 1980 suna kiwon karfasa tare da latas cikin ruwa ɗaya. Ma'aunin da suka fitar shi ne, kowace murabba'in mita ɗaya ta shuka tana iya wanke ruwan abinci giram 60 zuwa 100 a rana. Watau tankin da ke cin kilo 3 a rana yana son shuka mita 30 zuwa 50. Wanda ya rataya reshe biyar a bakin irin wannan tanki ya daina canja ruwa, lalle zai wayi gari ya tarar da kifinsa ciki a sama.

Saboda haka hanyar da ta fi dacewa da mutumin fadama ita ce ya kafa tankinsa a tudu, fangalai a gangare, duk ruwan da za a zubar ya bi ta cikin alayyafo, ko latas, ko tumatir. Ruwa ɗaya, man inji ɗaya, amfani biyu. Mai hali kuma ya iya gina doguwar kwami ya cika ta da wankakkiyar tsakuwa, ya dasa a ciki, ruwa ya ratsa ya koma wa kifi. Kada a sa shukar cikin tankin kansa sai a kwando, gama karfasa tana cin saiwa, tarwaɗa kuma tana tumɓuke ta. A riƙa yankan ganye a kai a kai. Ganyen da ya ruɓe cikin ruwa ya mayar da abin da ya ci.

Akwai abin kiyayewa. Ruwan da aka zuba wa gishiri ko magani don kifi ba shi da lafiya, kada a kai shi lambu. Shukar da ruwanta ke komawa tanki ba a yi mata feshi. Kada a zuba toka ko kanwa, suna ƙara wa amoniya dafi. Kainuwa tana zuƙar naitiret ƙwarai, amma kadan ta rufe fuskar ruwa sai ta hana iska shiga, musamman da dare. A zuba ruwan a gindin shuka, a kuma wanke ganye da ruwa mai tsabta kafin a kai kasuwa.

Mutanen Kirikasamma da Guri ba sai an gaya musu ƙarfin shuka mai saiwa cikin ruwa ba. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani kamar dā, kacalla ta sami wurin zama, ta toshe magudanan ruwa irin su Marma, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama makwancin jan baki. Ruwan da ba ya yankewa shi ne babban dalilinta, amma kacalla tana son taki kamar kowace ciyawa. Ruwan tankin da aka saka kai tsaye cikin magudana ita zai ciyar. In ya fara bi ta fangalai, alayyafo ya riga ya ɗauke rabonsa.