DARASI: YADDA AKE SHIRYA KATIN BARKA DA SALLAH MAI HOTO

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. To, amma ba ko'ina ƙafa take iya zuwa ba. A Sunke da sauran ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum akwai gidaje da yawa da 'yan'uwansu ke nesa. Wani ɗansa yana karatu a Sakkwato ko Zariya. Wani ƙaninsa ya tafi cin rani Legas. Wasu kuma rashin tsaro ya raba su da dangi, sun koma Gusau ko cikin garin Anka. Ran Sallah kuwa, kowa yana son ya ga fuskar nasa.

Katin barka da Sallah mai hoto yana rage wannan nisa. Sharaɗinsa guda ɗaya ne: ya isa kafin Sallah. Katin da ya iso bayan an cinye naman layya ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

MENE NE KATI?

Kati ɗan kwali ne da aka ninka biyu. Ana liƙa hoto a waje, a rubuta gaisuwa a ciki. A shekarar 1843 wani mutum mai suna Henry Cole ya sa aka buga katin Kirsimeti guda 1,000 a birnin Landan. Shi ne na farko da aka buga don sayarwa. Daga baya Musulmi a ƙasashe da dama suka riƙa aika wa juna katin Sallah.

Wani zai ce ai ga waya, me za a yi da kati? Waya tana da amfani, amma ba kullum ake samun layi ba. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara har makonni saboda matsalar tsaro. Ga kuma tsofaffi da yawa da ba su da babbar waya. Kati ba ya bukatar caji. Tsohuwa za ta ajiye shi cikin adaka, ta riƙa ɗauko shi tana kallon jikokinta.

SANIN LOKACI

Ƙaramar Sallah ita ce ranar 1 ga Shawwal. Babbar Sallah ranar 10 ga Zulhajji. Tsakaninsu kimanin kwana 70 ne. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355. Saboda haka kowace shekara Sallah tana matsowa da kwana 10 ko 11 a kalandar boko. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ran 10 ga Afrilu, a 2025 kuma ran 30 ga Maris. Sarkin Musulmi ne ke ba da sanarwar ganin wata daga Sakkwato. Mai shirin kati ba zai jira sanarwa ba. Zai fara lissafi tun wata ɗaya da rabi kafin Sallah.

Ga tsarin Ƙaramar Sallah:
1. Tsakiyar Sha'aban: a rubuta sunayen waɗanda za a aika wa, a nemi adireshinsu.
2. Ƙarshen Sha'aban: a ɗauki hoto.
3. Makon farko na azumi: a wanke hoto, a sayo kwali da ambulan.
4. Mako na biyu: a rubuta gaisuwa.
5. Kafin 20 ga azumi: kati ya bar hannu.

Na Babbar Sallah kuwa, a fara da shigowar watan Zulƙida, a aika kafin ƙarshensa.

ƊAUKAR HOTO

Kayan Sallah ba su cika fitowa daga wurin tela da wuri ba. Ga dabara: a ɗauki hoto ran Ƙaramar Sallah, lokacin da kowa ya ci ado, a ajiye shi don katin Babbar Sallah. Na Babbar Sallah kuma a ajiye shi don baɗi.

A ɗauki hoto da hantsi ko da la'asar. Hasken rana ya kasance a fuskar mutane, ba a bayansu ba. A goge idon waya da ƙyalle mai tsabta. A ɗauka sau uku ko huɗu, a zaɓi wanda ya fi kyau. Daga nan sai a kai wa mai hoto a cikin gari ya wanke. Hoto mai faɗin inci 4 da tsawon inci 6 ya isa. Dab da Sallah masu hoto sukan cika da aiki, saboda haka a je da wuri.

Kada a sa hoton kowa sai da yardarsa, musamman matan aure. Wanda ba ya son hoton mutum yana iya sa hoton gonarsa, ko masallacin garinsu, ko bishiyar ƙofar gida.

ABIN DA ZA A RUBUTA

A fara gwadawa a wata takarda, a nuna wa malamin aji ya gyara. Sannan a rubuta a kati da biro. Ga misali:

Zuwa ga Yaya,
Barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana. Inna da yara suna gaishe ka. Kowa lafiya.
Daga ƙaninka.

A sa suna da kwanan wata a ƙasa. A bayan hoto a rubuta sunayen yaran da ke ciki, don a san wane ne wane.

Kati yakan bi ta hannun mutane da yawa. Kada a rubuta yawan dabbobi, ko kuɗin da aka samu, ko ranar da za a yi tafiya. Kada kuma a sa kuɗi cikin ambulan.

YADDA AKE AIKAWA

Hanya ta farko ita ce gidan waya, wanda ke ƙarƙashin hukumar NIPOST. A tsakiyar ambulan a rubuta sunan mai karɓa, da lambar gida ko akwatin gidan waya, da gari, da jiha. A liƙa kan sarki a sama ta hannun dama. Mai aikawa ya sa nasa adireshin a baya.

Hanya ta biyu ita ce direba a tasha, ko matafiyi amintacce. A rubuta lambar wayar mai karɓa a jikin ambulan. A karɓi lambar direba da lambar motarsa, a sanar da mai karɓa. Idan damina ce, a sa ambulan cikin leda.

Wanda ya iya rubutu ba sai ya nemi mai rubuta masa ba. Sirrinsa yana hannunsa. Ɗan'uwan da ya buɗe kati zai ga fuskar nasa, ya kuma ga rubutun hannunsa.

TAMBAYOYI
1. Kwana nawa ne tsakanin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah?
2. Waɗanne abubuwa ne bai kamata a rubuta a kati ba?
3. A ina ake liƙa kan sarki?
4. Idan kati ɗaya ya ci naira 500, nawa kati 8 za su ci?

AIKIN GIDA
Kowane ɗalibi ya rubuta sunayen 'yan'uwansa biyar da ke nesa, da garin da kowannensu yake. Ya zo da takardar aji mako mai zuwa.