Kwana a duwatsun Atakora

A hutun lakwal na 1995, Malam Isa ya ɗauki iyalinsa daga Gene zuwa duwatsun Atakora, kusa da Natitingu. Sun bi ta Kandi da Banikowara. Sani da Hadiza ba su taɓa ganin duwatsu masu tsawo haka ba.

Da maraice suka nemi wurin kafa tanti. Hadiza ta ga wata busasshiyar ƙorama mai yashi mai laushi. Ta tuɓe takalmanta, ta shiga wasa.

— Baba, mu kwana nan!

Malam Isa ya ɗaga kai, ya ga hadari can bisa duwatsu.

— A'a, farkon damina ne. Mu hau tudu.

Tudun kuwa duk tsakuwa ne. Yara suka hau suna gunaguni. Inna ta goya ƙaraminsu Ali, ta hura wuta, ta dafa shinkafa. Suka ci, suka kwanta.

Da tsakar dare wani rugugi ya tashe su. Ko ɗigo bai sauka kan tanti ba. Ruwan da aka yi bisa duwatsu ne ya gangaro.

Da gari ya waye, suka tarar ƙorama ta cika da jan ruwa, tana jan itatuwa.

— Inna, takalmana! in ji Hadiza.

A kan yashin ta mance su.

Tambayoyi
1. Don me Malam Isa ya ƙi kwana cikin ƙorama?
2. Daga ina ruwan ya zo?