Amsoshin Tambayoyinku: Mayar da rubutu zuwa lamba, kuɗi ko kwanan wata

Tambaya: Ni ɗalibi ne, ina zaune a Sabo, Mokola, Ibadan. Kawuna ɗan canji ne, ina rubuta masa 'yar manhaja da harshen Python don ajiye lissafin ciniki. Duk abin da yaran shago suka shigar, kuɗi ne ko kwanan wata ko lambar waya, a matsayin rubutu yake zuwa mini. Shin akwai umarni guda da zai mayar da kowane rubutu zuwa nau'in da ya dace, ba sai na yi wa kowanne nasa ba?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi wa karatu albarka. Akwai hanyar, amma da sharaɗi: kai ne za ka faɗa wa kwamfuta nau'in da kake so, kada ka bar ta ta yi canke. Idan aka miƙa wa kawunka takarda an rubuta 100, ai ba zai ƙirga komai ba sai ya ji naira ce, sefa ce ko dala. Haka rubutu yake a wurin kwamfuta, ba ya faɗin ko shi mene ne.

Ga yadda za ka yi. Ka tsara jadawali guda, kowane gurbi da sunansa da umarnin da zai karanta shi: yawan takardun kuɗi int, farashi Decimal, kwanan wata strptime, suna kuma a bar shi yadda yake. Sai ka rubuta umarni ɗaya mai karɓar abu biyu, rubutun da sunan gurbin, ya duba jadawalin, ya miƙa aikin ga mai shi. Ranar da sabon nau'i ya taso, layi ɗaya za ka ƙara. Manyan harsuna ma kan wannan turba suke. A Rust, umarnin parse na aiki da duk nau'in da ya cika ƙa'idar FromStr. A C# akwai TryParse, kuma a 2022 Microsoft ya ƙaro IParsable domin wannan buƙata. A dukansu, mai rubuta manhaja ne ke ambaton nau'in.

Yanzu ga wuraren da nake so ka yi hattara, domin amanar dukiyar mutane ce a hannunka.

Na farko, ba duk jerin alƙaluma ne lamba ba. Lambar waya, da lambar asusun banki mai alƙaluma 10, da BVN da NIN masu alƙaluma 11, duk shaida ce, ba a tara su ba a raba su. Ka mayar da lambar da ta fara da 080 zuwa int, sifilin farko ya ɓace. A harsuna irin su Java ma, int ba ya wuce 2,147,483,647, don haka alƙaluma 11 sun fi ƙarfinsa. Ka bar su a rubuce, ka dai tabbatar yawansu ya cika.

Na biyu, kada ka ajiye kuɗi a float. Gwada 0.1 + 0.2 a Python, za ka ga 0.30000000000000004, saboda lissafin kwamfuta na sifili da ɗaya ba ya iya riƙe kashi ɗaya cikin goma daidai. Yi amfani da Decimal, ko ka ajiye komai da kobo.

Na uku, waƙafi da ɗigo. A Najeriya 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne. Abokin cinikin da ya zo daga Maraɗi ko Kwatano, wanda ya saba da tsarin Faransanci, ɗaya da rabi zai karanta. Haka 03/04/2025: a wurinmu 3 ga Afrilu, a Amurka 4 ga Maris. Ka zaɓi tsari guda, ka sanar da yaran shago, a cikin manhaja kuma ka ajiye shekara, wata, sannan rana, kamar yadda ƙa'idar ISO 8601 ta tsara.

Na huɗu, eh da a'a. A Python, bool("False") gaskiya yake bayarwa, domin duk rubutun da ba fanko ba gaskiya ne a wurinsa. Rubuta naka jerin kalmomin da ka yarda da su.

Illar canke ta kai har ga masana kimiyya. Excel ya riƙa mayar da sunayen ƙwayoyin gado irin su MARCH1 da SEPT1 zuwa kwanan wata, har kwamitin da ke raɗa sunayen ya sauya su.

Daga ƙarshe, idan rubutu ya ƙi karantuwa, kada manhajarka ta sa sifili ta wuce. Ta tsaya, ta nuna gurbin da abin da aka rubuta, a gyara nan take mai kuɗin yana tsaye. Kafin ka miƙa wa Kawu, ɗauki tsohon littafin shagon ka shigar da cinikin mako guda, ka gwada jimillarka da tasa. Idan sun zo ɗaya har kobo, to aiki ya yi. Allah ya ba da sa'a.